Mamman Shata: Mai tallan goron da ya kai kalangu fadar Daura

Duk baƙon da ya shiga Daura, abin da aka fi saurin nuna masa shi ne rijiyar Kusugu, inda labarin gargajiya ya ce Bayajidda ya kashe macijiya, daga nan sai a zarce da shi ƙofar fadar Sarki. Ba kowa ne ake faɗa wa cewa a wannan gari ne kabarin Alhaji Dokta Mamman Shata yake ba, mawaƙin da da wuya a sami gidan Bahaushe da muryarsa ba ta taɓa shiga ba.

Abin da ban mamaki. A Musawa aka haife shi, a Funtua ya yi zaman kusan shekara 40, a Kano kuma rai ya yi halinsa. Duk da haka, da ya cika, sai aka ɗauki gawarsa aka bi hanyar Kazaure da ita zuwa Daura, garin da ake yi wa kallon tushen sarautar Hausa. Kafin a fahimci dalilin haka, sai an koma baya an ga irin gidan da ya fito, da irin gangar da ya ɗauka, da kuma na'urorin zamani da suka yi dakon muryarsa.

Ɗan gidan da ba a kiɗa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a Musawa, a lokacin tana ƙarƙashin En'e ta Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, Bafulatana. Babu makaɗi ko maroƙi a zuriyarsu, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wancan zamani. A ƙasar Hausa ta da, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira yake yi, ɗan wanzami aski, ɗan makaɗi kuma shi ke ɗaukar gangar ubansa. Ana jin daɗin makaɗa, ana yi musu kyauta, amma ana ajiye su ne a ƙasan tsanin daraja, har wasu gidaje ba sa ba su auren 'ya'yansu. Mutumin da Allah bai sa ya gaji roƙo ba, idan ya shiga da ƙafarsa, ana ganin ya zubar da mutuncin gidansu ne. Shi ya sa mahaifin Shata ya ƙi abin ƙwarai da gaske.

Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsaransa, sannan aka sa shi talla. Ya sayar da goro, ya sayar da alewa. A nan ne ma sunan ya samo asali, kamar yadda masu bin tarihinsa suka rubuta: idan ya sayar da goron, sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. Wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu ne ya laƙaba masa Mai Shata saboda wannan hali na watsar da abin hannu, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Wanda ya san yadda ya riƙa yi da dukiya bayan ya girma zai ce halin ma bai taɓa barinsa ba.

Waƙar a dandali ta fara. Bayan an ci tuwon dare, samari da 'yan mata kan taru ana kiɗa ana rawa, shi kuma yana cikin masu jefa baiti don nishaɗi, ba don a ba shi ko anini ba. Sannu a hankali ya fi sauran, har aka fara kiransa ƙauyukan da ke kewaye. Daga nan ya ajiye farantin talla.

Gangar mahauta

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan kalangu, domin wanda bai san matsayin wannan ganga ba, ba zai ga girman abin da Shata ya yi ba.

Kowane rukunin jama'a a ƙasar Hausa yana da kiɗansa. Sarakuna suna da tambari da kakaki da algaita, mawaƙan fada kuma suna riƙe da kotso ko taushi ko jauje. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso aka san su, Sarkin Taushin Katsina kuwa sunan sarautarsa ma ya faɗi abin da yake kaɗawa. Maharba suna da nasu, manoma suna da gangar noma. Kalangu kuwa na mahauta ne, shi ake kaɗawa a sanar da gari cewa an yi yanka, sai kuma 'yan mata da 'yan dambe da suke rawa da shi. Ganga ce ta kasuwa da dandali, ba a san ta da zaman gaban sarki ba.

Amma ta fuskar ƙira, kalangu ya fi yawancin ganguna dabara. Icen an sassaƙa shi ne da faɗi a baki biyu, tsakiyarsa kuma a tsuke. Ana rufe kowane baki da fata, sannan a haɗa fatun biyu da tsarkiyoyi masu yawa da suka bi tsawon icen. Makaɗin yana rataya shi a kafaɗa, ya sa shi a hammata. Idan ya matse tsarkiyoyin da damtsensa, fatar sai ta ɗaure, idan fata ta ɗaure kuma tana girgiza da sauri, sautin ya yi sama. Idan ya saki, fatar ta yi sako-sako, girgizar ta ragu, sautin ya sauko. Da haka ganga ɗaya take ba da sauti iri-iri, har ta iya zamewa daga sama zuwa ƙasa a bugu guda.

Wannan ne ya sa ake cewa kalangu yana magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna canza ma'anar kalma. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta, a rubuce kusan abu ɗaya ne, a kunne ne suke rabuwa. Kalmar makaɗi ma haka take: idan muryar ta faɗi a gaɓar tsakiya, mutumin da ke kiɗan ake nufi, idan kuwa ta tsaya a sama tun daga farko har ƙarshe, ɗan lanƙwasasshen icen da yake bugawa da shi ake nufi. Ganga mai iya hawa da sauka tana iya bin sawun wannan kari, shi ya sa wanda ya saba yakan ji kirarinsa a bakin kalangu tun mawaƙi bai buɗe baki ba.

Shata kansa ba shi ke bugawa ba. Yana tsaye ne a gaba, makaɗansa da 'yan amshi suna bayansa. Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne a ido: amshi gajere da ake maimaitawa, shi kuma yana zuba baiti a tsakani. Cikin 'yan daƙiƙun da 'yan amshi suke karɓa ne yake shirya abin da zai faɗa na gaba. Ba ya rubutawa, ba a kuma san shi da zaman gwaji kafin a fita ba. Sau da yawa a nan take, a gaban mai waƙar, yake ƙirƙirar ta. Saboda haka idan ka ji waƙarsa ɗaya a ɗauka biyu, da wuya su zo daidai.

Auduga, gyaɗa da sababbin masu kuɗi

Wanda ya fara jan Shata daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar garin, wanda yake aikin En'e a Bakori a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce masa ya dawo kusa da shi, kuma a Bakori Shata ya yi aurensa na fari.

Wannan ƙaura ta zo a kan gaɓa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Yankin Funtua da Bakori da Malumfashi ya zama cibiyar auduga, Kano kuma ta gyaɗa. Kuɗi sun fara shiga hannun mutanen da ba su gaji sarauta ba: dillalan kamfani, masu awo, fatake, direbobin manyan motoci, malaman En'e masu albashi. Waɗannan mutane suna da abin kyauta, suna kuma son a ji sunansu, amma mawaƙan fada ba nasu ba ne, domin mawaƙin fada na ubangidansa ne shi kaɗai. Shata ya zo ya tarar da wannan fili babu kowa. Ya yi wa attajiri waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ma'aikacin gwamnati, ya yi wa mace mai abin hannunta, ya yi wa ɗan bori. A ganina wannan ne sirrin ɗaukakarsa na farko, tun kafin a zo maganar murya: bai ɗaure kansa a gida ɗaya ba.

Daga Bakori ya riƙa zagaya Katsina da Kano. Tauraronsa ya fito sosai a farkon shekarun 1950, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka yi wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka ɗaura wa 'ya'yan sarautar Kano da dama aure a lokaci guda. Ya yi wasa a wajen, kuma daga nan manyan Kano suka san da shi. Wajen 1960 ya tare a Funtua, garin da ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Daga garmaho zuwa kaset

Narambaɗa gwani ne da har yau ake nazarin waƙoƙinsa, amma ya rasu tun kafin na'urar ɗaukar magana ta zama ruwan dare, don haka abin da ya rage na muryarsa kaɗan ne. Shata ya yi sa'ar zamani. Rayuwarsa ta waƙa ta ratsa da yawa daga cikin matakan da fasahar ɗaukar sauti ta bi a ƙarni na 20.

Faifan garmaho na farko yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Da hannu ake wana akwatin, allurar ƙarfe ce ke bin zanen da ke jikin faifan, ana yawan canza ta, faifan kuma idan ya faɗi ya fashe ke nan. Ka duba wahalar da wannan zai ba mawaƙin Hausa, wanda a filin biki yakan shafe rabin sa'a a kan waƙa ɗaya yana jero kakannin mai ita. Dole ya datse. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai jinkirin juyi, kusan sau 33 a minti, wanda gefensa ɗaya kan ɗauki minti 20 ko fiye. Da irin wannan ya iso Najeriya ne kamfanoni irin su EMI suka sami damar ɗaukar waƙoƙin Shata da ɗan tsawonsu.

Amma garmaho kayan masu hali ne. Abin da ya kai shi ƙauye shi ne rediyo. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, a daidai lokacin da ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka fara araha. Manomi ya rataya tasa a reshen bishiya, Bafulatani ya saɓa tasa a kafaɗa yana bin shanu, mai shayi ya ajiye tasa a kan tebur. Tashar Kaduna a gajeren zango tana kaiwa Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, duk inda Hausawa suke zaune a zango. Mutumin da aka yi wa waƙa a Funtua, sai ga sunansa ana ji a Kumasi. Wannan ya ƙara wa waƙar Shata tsada a idon masu son a san su, domin yanzu ba 'yan biki kaɗai ke ji ba.

Sai kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970. Kaset ya zo da alheri da hasara a tare. Kowa na iya ɗaukar wasa da rikodarsa, kowa kuma na iya kwafa ya sayar ba tare da mawaƙin ya ga ko kwabo ba. Shata bai dogara da cinikin faifai ba, abincinsa yana wajen iyayen gidansa ne, masu ba da riguna da dawakai da motoci da kuɗi. Masu kwafar kaset, ba da niyya ba, talla suka riƙa yi masa kyauta.

Kumbo a bakin mai kalangu

Ranar 16 ga Yulin 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida a Amurka ɗauke da mutum uku: Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Ranar 20 ga watan biyu daga cikinsu suka sauka a kan wata, tafiyar kimanin kilomita 384,000 daga duniya, ranar 24 kuma suka dawo lafiya. A lokacin Najeriya tana tsakiyar yaƙin basasa, kunnen kowa yana kan rediyo, don haka labarin ya shiga ko'ina.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wata a wajen Bahaushe ba abin wasa ba ne, da shi ake ɗaukar azumi, da shi ake ajiyewa, da shi ake lissafin Sallah da aikin Hajji. A ce wani ya taka shi da takalmi, magana ce mai nauyi, kuma an yi ta gardama a kanta a majalisu. Cikin wannan hali Shata ya yi waƙarsa ta Kumbo Apollo 11, ya ɗauki na'urar da injiniyoyi dubbai suka haɗa ya yi mata irin abin da yake yi wa attajirai da sarakuna, wato ya wasa ta. Da yawa daga cikin dattawan da ke raye yau, idan ka ambaci Apollo, kafin su tuna Armstrong, Shata suke tunawa.

Wannan ba shi kaɗai ba ne. Ya yi waƙoƙi kan noma, kan sojoji a lokacin yaƙi, kan dazuzzuka da garuruwan da ya gani, kan aure da zaman duniya. A wajen jama'ar da mafi yawansu ba sa karanta jarida, mawaƙi irinsa yana cikin hanyoyin da sabon abu ke bi ya zama sananne.

Bakin da ake tsoro

Ba yabo kaɗai ya iya ba. Zambonsa da habaicinsa sun yi suna, kuma har yau ana ba da labaran mutanen da aka ce sun yi karo da shi suka ga ba daidai ba. Irin waɗannan labarai kan ƙaru a baki, kowane mai ba da su yana ɗora nasa. Abin da yake a fili shi ne, mutumin da zai iya sa sunanka a bakin yara daga Sakkwato zuwa Yola cikin mako guda, ba ya buƙatar wani asiri kafin a ji tsoronsa. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, ya yi ta rera ta shekara da shekaru yana ƙara mata baitoci.

Rayuwarsa ba ta rasa abin suka ba. Bai ɓoye shaye-shayen da ya yi a wani zamani ba, har ya sa shi a waƙa, abin da ya ɓata wa malamai da dama rai. Shi ɗin ne kuma ya je aikin Hajji, ya yi waƙar yabon Annabi (SAW) da har yanzu ake sa ta a gidajen rediyo. Masoyansa ba su taɓa iya raba waɗannan fuskoki biyu ba, haka suka karɓe shi.

Shi da Sarkin Daura

Daura masarauta ce da ta sha bamban da maƙwabtanta. Bayan jihadi, a wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sarautarsu a wurare irin su Zango da Ɓaure kusan shekara 100. Da Turawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai suka dawo da Malam Musa daga wannan tsohon gida suka ɗora shi a gadon Daura. Ke nan yayin da Kano da Zazzau suke hannun gidajen da jihadi ya kafa, Daura ta koma hannun gidan Haɓe na asali. Sarki Abdurrahman ya yi fiye da shekara 50 a kan gado, ya rasu a 1966, aka naɗa Alhaji Muhammadu Bashar, wanda kafin nan shi ne Wamban Daura kuma minista a gwamnatin Sardauna.

Fada irin wannan tana da makaɗanta na gado, masu tambura da kakaki da algaita, kowa da wurin tsayuwarsa, musamman a hawan Sallah da na Sallar Gani da Daura ta yi fice a kansa. A ƙa'idar da, mai kalangu ba shi da gurbi a nan. Amma Sarki Bashar ya jawo Shata jiki, ya zama babban ubangidansa, Shata kuma ya yi masa waƙoƙi da dama waɗanda masana ke sa wa cikin mafi kyawun abin da ya bari. Wanda ya saurare su zai ji bambanci. Babu gaggawa a cikinsu, kiɗan yana tafiya da nauyi irin na takun dokin sarki, kalmomin kuma na fada ne. Gangar da aka sani da kiran mutane zuwa rumfar nama, ga ta tana jero sarakunan gidan da ya fi kowane tsufa a ƙasar Hausa, kuma ba wanda ya ce ba ta dace ba.

Shata ya yi wa sarakuna da yawa waƙa, ya kuma ɓata da wasu iyayen gidan nasa, domin mutum ne mai zuciya da ba ya ɗaukar raini. Tsakaninsa da Sarkin Daura kuwa, abin ya ɗore har mutuwa ta raba. Ya riƙa zuwa Daura kamar gida, duk da cewa Funtua tana can kudancin jihar, Daura kuma tana arewa maso gabas dab da iyakar Nijar.

Siyasa da digiri

Ya taɓa siyasa, ba a matsayin mawaƙin 'yan takara kaɗai ba. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin ana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtua, amma zaman bai yi tsawo ba aka sauke shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban kowa, siyasar jam'iyya ba ta cika yi masa daɗi ba.

Jami'a kuwa ta karɓe shi tun yana da ƙarfinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a kan Shata ya yi binciken. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta MON. Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Amurka. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi, sai ga shi cikin rigar jami'a ana kiransa Dokta, sunan da ya zauna masa daram a bakin talakawa.

Rasuwarsa

A ƙarshen shekarun 1990 jiki ya fara ƙi. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda, aka dawo da shi. Ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, mako uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, Allah Ya yi masa rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da kimanin shekara 76. Musawa tana da hujjar neman gawarsa, Funtua ma haka. Amma Daura aka nufa da shi, garin ubangidansa, kuma Sarki Muhammadu Bashar yana cikin waɗanda suka halarci jana'izar. Sarkin ya ƙara shekara takwas a duniya, ya rasu a watan Fabrairun 2007 bayan shekara 41 a kan gado. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Shi kansa Shata bai iya ƙidaya waƙoƙinsa ba. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah!, wasu manazarta kuma suna ta bin tsofaffin makaɗansa da masu ajiyar kaset suna tattara abin da ya saura. Aikin na gaggawa ne. Zaren kaset da na manyan faifan rediyo ba ya jure zafi da laima, yana manne wa juna, maganaɗisun da ke riƙe da sautin yana raunana, na'urorin da za su juya shi ma sun fara ƙaranci. Waƙoƙin da suka yi tashe sun tsira, suna cikin wayoyi da memori da YouTube. Waɗanda ke cikin haɗari su ne waɗanda ya yi sau ɗaya tak, a bikin wani mutum a wani ƙauye, aka ɗauka da rikoda mai batir, kaset ɗin kuma yana ƙasan akwatin wani tsoho da 'ya'yansa ba su san abin da ke ciki ba.